Yadda Ake Zaɓen Lokacin Fita Kamun Kifi a Tsakiyar Teku

Karon farko da na bi jirgi zuwa tsakiyar teku a watan Agusta ne, kuma kasuwa ce ta ruɗe ni. A lokacin in ka je bakin ruwa a Tema ta ƙasar Gana da sassafe, kifi ya cika ko'ina, mata na ta jida a manyan kwanoni, hayaƙin banda ya turnuƙe unguwa, farashi ya faɗi warwas. Na ce a raina, tunda kifi ya yi wannan ambaliya, ai yanzu ne lokaci. Muka haɗa kuɗi mu huɗu muka yi shatar jirgi. Kyaftin ɗin wani dattijo ne da ya iya Hausar zango. Ya dube ni ya ce, "Maigida, wane kifi kake so?" Na ce babba. Ya yi murmushi ya ce, "Babban ya yi tafiya, sai Oktoba." Mun riga mun ɗauki hutu, mun biya kafin alƙalami, don haka muka ce a tafi kawai. Ruwan kore shar, sanyi na ratsa riga, igiyar ruwa na ɗaga jirgin tana dire shi. Kafin hantsi biyu daga cikinmu sun kwanta a ƙasan jirgi, ni kuma na rungumi bokiti. Mun dawo da ƙananan kifaye da ba su kai kuɗin man da muka ƙona ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, kifin da ke cika kasuwa daban, kifin da mai fatsa ke shiga nesa dominsa daban, kuma lokutansu ba sa haɗuwa. Ga yadda nake tsara tafiyata yanzu, bi da bi. Misalaina daga gaɓar Gana suke, inda na fi sani, amma hanyar lissafin tana aiki a Legas, Lome, Kwatano da sauran tekunan ƙasashe masu zafi.

Mataki na farko: faɗi kifin da kake nema

Kar ka fara da kalanda. Fara da kifi. Wanda ya taso a bakin Kwara ko Binuwai ya san ba a neman giwan ruwa inda ake neman tarwaɗa, haka ma teku. Kifayen da ake shiga nesa dominsu kashi biyu ne.

Akwai masu yawo a saman ruwa, waɗanda ake kamawa jirgi na tafiya a hankali yana jan ƙugiyoyi a bayansa: tuna, wahu, dorado, barakuda, da kifin nan mai fiffike a baya kamar filafilin jirgi, wanda zan riƙa kira mai-filafili, sai sarkinsu malin, mai dogon baki kamar mashi, wanda nauyinsa kan wuce na saniya. Yawancin waɗannan ruwan ɗumi mai shuɗi suke so, garai-garai, wanda ɗuminsa ya haura digiri 24 ko 25. Akwai kuma mazauna ƙasa, masu fakewa a duwatsun ƙarƙashin teku, irin su jan kifi da gurufa. Su ana tsayar da jirgi ne a saki ƙugiya da dalma har ƙasa. Ba su cika damuwa da launin ruwan sama ba. Abin da ke hana kama su shi ne ƙarfin gudun ruwa, wanda ke kwashe dalmar kafin ta taɓa ƙasa.

In burinka ka cika sanduƙin ƙanƙara ka kai wa iyali, kashi na biyu ya fi tabbas, kuma kana da watanni da yawa da za ka zaɓa. In kuwa so kake ka yi kokawa da babban kifi ko da sau ɗaya a rayuwa, to watanninka kaɗan ne, kuma sai ka yarda cewa za ka iya wuni cur ba ka kama komai ba.

Mataki na biyu: san shekarar teku

A nan ne yawancin kuskure yake, don haka zan daɗe a kai.

Mutumin arewa ya san shekara da bazara, damina, kaka da hunturu. Teku ma tana da nata zubin, kuma a gaɓar Gana da Kwaddibuwa babban abin da ke juya ta shi ne tasowar ruwan sanyi daga ƙasa. Daga ƙarshen Yuni zuwa wajen ƙarshen Satumba, ruwan da ke can ƙarƙashi, mai sanyi, mai ɗauke da taki, yakan taso ya maye gurbin na sama. Ɗumin ruwa da ke kai digiri 28 ko 29 a Afrilu sai ya sauko ƙasa da 25, a Agusta har ya kan kai wajen 22. Wannan takin ne ke haifar da ƙananan halittun da ido ba ya gani, su mayar da ruwan kore, su kuma su jawo garken ƙananan kifayen sadin. Shi ya sa kasuwa ke cika a Agusta da Satumba, masu kwalekwale da koma suna shan kakarsu. Amma malin da mai-filafili ba sa son wannan ruwan. Sukan ja can waje inda ɗumi da shuɗi suka rage, nesa da inda jirgin yini ɗaya zai kai. Akwai kuma ƙaramar tasowa ta 'yan makonni wajen Janairu ko Fabrairu, wadda ba ta kai waccan ƙarfi ba. A gaɓar Najeriya wannan sanyayar ba ta da ƙarfi kamar ta Gana, amma sauran abin da zan faɗa ya shafe ta.

Abu na biyu shi ne doguwar igiyar ruwa. Daga Mayu zuwa Satumba ana tsananin sanyi da guguwa a can kudancin Tekun Atilantika, kuma igiyoyin da guguwar ke tayarwa sukan yi tafiyar dubban kilomitoci su zo su fashe a gaɓar Afirka ta Yamma. Sai ka ga babu wata iska a Tema, amma teku na ta numfashi kamar ƙirjin mai barci, tana ɗagawa tana sauka. Wannan ne ke juya hanjin baƙo. Ka haɗa shi da ruwan sama, domin Yuni ne watan da ya fi ruwa a Akra, a Legas kuma Yuni da Yuli, sai ka ga dalilin da ya sa ba na ba sabon shiga shawarar fita daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba.

To ina ƙofa take? Ƙofofi biyu ne.

Ta farko daga tsakiyar Oktoba zuwa Disamba. Ruwan sanyi ya koma ƙasa, ɗumi ya dawo, doguwar igiya ta lafa, ga kuma ragowar ƙananan kifayen da tasowar ta haifar suna nan, manya na bin su. Ni dai in za a ce in zaɓi wata ɗaya tak, Nuwamba zan ɗauka. Abin lura a farkon wannan lokaci shi ne ruwan koguna. Bayan damina kogin Bolta na zuba jan ruwa da ciyayi cikin teku, kuma a shekarar da aka buɗe madatsar Akosombo, kamar yadda aka yi a Satumba da Oktoba na 2023, laka kan shiga nesa ƙwarai. A Legas kuma ciyawar ruwa irin kainuwa ce ke toshe hanyoyi tana naɗe farfelar inji. Wannan ba ya hana fita, sai dai yana ƙara tafiya kafin a tarar da shuɗin ruwa.

Ta biyu daga Maris zuwa Mayu. A nan ne ruwa ya fi ɗumi a duk shekara, kuma teku kan kwanta da safe kamar faranti. Matsalarta hadari. Wanda ya san yadda hadarin farkon damina ke tasowa a Kano ko Damagaram ya san wannan: baƙin bango daga gabas, iska ta riga ruwa isowa, cikin ɗan lokaci ta birkita komai, bayan awa ɗaya ko biyu ta wuce kamar ba a yi ba. A tudu sai ka shiga ɗaki ka rufe taga. A teku babu ɗakin shiga. Irin wannan hadarin yana faɗowa a Oktoba da farkon Nuwamba ma, don haka duk ƙofofin biyu suna buƙatar kyaftin mai kallon gabas.

Tsakanin Disamba da Fabrairu kuwa hunturunmu ne ke sauka har bakin teku. Ruwa kan yi lumui, abin sha'awa ga mai raunin ciki, amma hazo kan rufe ido har ka kasa hango jirgin da ke kilomita ɗaya daga gare ka, kuma tudu kan ɓace da zarar an ɗan yi nisa. Jirgin da ba shi da na'urar nuna hanya da rediyo mai aiki, kar ka hau shi a hunturu, balle kusa da Tema ko Legas inda manyan jiragen kaya ke kai da kawo. Ga mai neman kifin ƙasa, wannan lokaci ne mai daɗi.

Wata sa'a da wannan yanki ya yi: mahaukaciyar guguwar teku mai juyawa ba ta ƙulluwa kusa da layin da ya raba duniya biyu, don haka ba ta cikin lissafinmu. Wanda zai je wani wuri dole ya saka ta. A yankin Karebiyan da kudancin ƙasar Amurka lokacinta daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne. A kudu maso yammacin Tekun Indiya, wajen Madagaska da Mozambik, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu. A gaɓar Kenya kuma iska biyu ke raba shekara: kaskazi daga arewa maso gabas, wajen Disamba zuwa Maris, lokacin da teku ke kwanciya ana neman malin, da kusi daga kudu maso gabas, wadda ke hargitsa ruwa har jiragen Malindi da Watamu su huta a Mayu da Yuni. A Dakar mai-filafili na zuwa ne da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, wato daidai lokacin da nake cewa a zauna gida a Gana. A tsibiran Cape Verde kakar malin ta fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuni. Ka ga ke nan ba a ɗaukar kalandar wata gaɓa a kai wata.

Mataki na uku: auna nisan zurfi daga inda za ka tashi

Ƙasan teku ba ta faɗawa rami daga bakin gaɓa. Akwai wani dandamali da ke gangarawa a hankali har zuwa zurfin kamar mita 100 zuwa 200, daga nan sai ta yanke ta faɗa ƙasa. A bakin wannan gangaren manyan kifaye ke kiwo. Faɗin dandamalin ya bambanta: a gabashin Gana, wajen Keta da Ada, bai wuce kilomita 20 da wani abu ba, amma tsakanin Takoradi da Cape Coast yana kai 90. A Legas ma kusa yake, yayin da a Kalaba yake da nisa sosai. Abin da ya sa Ada Foah ta yi suna wajen masu neman malin ke nan.

Wannan ya shafi lokaci kai tsaye. In zurfi na kusa, safiya ɗaya mai kyau ta ishe ka. In yana da nisa, kana buƙatar yini guda cur mai lafiya, domin awa uku ko huɗu za su tafi a zuwa, wasu kuma a dawowa. Tambayi kyaftin awa nawa ake yi kafin a saki ƙugiyar farko. Amsar za ta gaya maka irin ranar da kake nema.

Mataki na huɗu: duba wata

Nan mu muna da wata fa'ida da baƙi ba su da ita, domin mun saba lissafin kwanan wata. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin na ja baya da kamar minti 50. In yau ta cika da ƙarfe 6 na safe, gobe sai wajen 7 saura minti goma. Ƙarfin cikar kuma yana bin wata. Daga tsayuwar wata zuwa 2 ko 3 gare shi, da kuma daga 14 zuwa 17, cika da janyewa sun fi ƙarfi, ruwa na gudu sosai. Wajen 7 zuwa 9 ga wata, da 22 zuwa 24, ruwa kan yi sanyin jiki. A gaɓar Gana bambancin cika da janyewa bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, ba shi da yawa in aka kwatanta da wasu ƙasashe, amma a bakin kogi ya isa ya yi ɓarna.

Ga yadda nake amfani da wannan. In kifin ƙasa nake nema, ina zaɓen kwanakin da ruwa ya yi laushi, don dalma ta sauka miƙe, in ji cizon kifi a yatsana. In masu yawon sama nake nema, ɗan gudun ruwa alheri ne, domin yana tara ƙananan kifaye a wuri ɗaya.

Batun farin wata kuwa, masunta ba su taɓa haɗa baki a kai ba. Wasu sun ce in dare ya yi haske kifi na kiwo har asuba, da safe kuma ya ƙoshi ba ya kula ƙugiya. Wasu kyaftin-kyaftin kuma sun rantse cewa kwana uku kafin wata ya cika ne malin ya fi cizo. Na fita a duka biyun, na samu na kuma rasa a duka biyun. Hukuncina shi ne: in ranaku biyu sun yi daidai ta kowace fuska, ina ɗaukar ta duhun wata; amma ba zan bar ranar da teku ta kwanta don kawai wata ya cika ba. Yanayin ruwa ya fi wata nauyi a ma'auni, nesa ba kusa ba.

Inda ba na wasa da lissafin cika shi ne ƙetare bakin kogi. A Ada, inda Bolta ke shiga teku, akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa. In ruwa na janyewa, kogi na turo shi waje, igiyar teku kuma na turo shi ciki, sai su yi karo a kan yashin nan, igiya ta miƙe tsaye ta fashe. Ana so a ƙetare lokacin da ruwa ke shigowa, dab da cikarsa. Don haka ka nemi ranar da cikar safe ta dace da fitarku, ta yamma kuma ta dace da dawowarku. Tunda tsakaninsu awa goma sha biyu ne da 'yan mintoci, in ɗaya ta yi daidai, ɗayar ma kan zo kusa. Wanda zai tashi daga tasha mai katanga kamar Tema ba shi da wannan damuwa sosai.

Mataki na biyar: cire ranakun da ba naka ba

Ranar Talata yawancin masuntan gaɓar Gana, ƙabilun Ga da Fante, ba sa shiga teku. Al'ada ce tsohuwa, kuma a ranar suke gyaran koma. Ko jirgin da ka yi shata ba ya bin wannan, yaran jirgin da masu sayar da ƙananan kifin da za ka saƙala a ƙugiya suna bi. Ka girmama abin mutane. A Elmina ma bikin Bakatue, na buɗe kakar kamun kifi, a Talatar farko ta Yuli ake yin sa.

Gwamnatin Gana kuma takan rufe teku na wani lokaci don kifi ya hayayyafa, a 'yan shekarun nan cikin Yuli, manyan jirage har Agusta. Wa dokar ta shafa da wa ta ƙyale yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka a tambayi hukumar kula da kamun kifi kafin a biya kuɗi. A yammacin ƙasar akwai rijiyoyin mai, kuma an hana kusantar jiragen haƙar da mita 500, duk da cewa kifi na son taruwa a gindinsu.

Sai namu. Juma'a ba ranar nisa ba ce in kana son jam'i. Azumi kuwa, na gwada sau ɗaya ban ƙara ba: rana biyu ce ke dukanka, ta sama da wadda ruwa ke maido maka, ga gishiri a leɓe, ga maganin jiri da ba za ka iya ƙarawa da rana ba, in amai ya zo kuma jiki ya bushe nan da nan. Tunda Ramadan na matsowa da kamar kwana 11 duk shekara, duba inda ya faɗa kafin ka tsayar da wata. Kirsimeti da Ista kuma jirage kan cika, kuɗin shata ya hau.

Mataki na shida: kwana uku kafin tafiya, karanta hasashe

Duk abin da ya gabata zaɓen mako ne. Zaɓen rana sai an matso. Hasashen da ya wuce kwana uku zuwa biyar ba abin dogaro ba ne sosai, don haka kar ka tayar da hankalinka da abin da waya ta nuna saura kwana goma. Akwai manhajoji irin su Windy da Windguru, akwai kuma sanarwar hukumomin yanayi na Gana da Najeriya ga masu shiga teku. Lambobi uku za ka duba.

Na farko gudun iska. Saita manhajar ta nuna maka kilomita a awa. Ƙasa da 20, rana ce mai kyau. Daga 20 zuwa 28 za ka fara ganin farin kumfa a kan igiyoyi, ana iya fita amma za a jiƙe. Daga 30 zuwa sama, in ƙaramin jirgi ne, ka zauna ka sha shayi. Duba har da lambar bugun iska na ba-zata, wadda kan fi ta yau da kullum.

Na biyu tsayin igiya. Mita ɗaya ko ƙasa da haka, lafiya lau. Mita ɗaya da rabi, mai raunin ciki zai ji a jikinsa. Mita biyu, sai wanda ya saba.

Na uku shi ne wanda mutane ke tsallakewa, alhali ya fi na biyun faɗin gaskiya: daƙiƙa, wato sakan, nawa ne tsakanin igiya da igiya. Igiya mai mita ɗaya da rabi da ke zuwa duk daƙiƙa 6 duka ce, jirgi na sara kamar mota a kan hanyar da ta farfashe. Igiya mai wannan tsayin da ke zuwa duk daƙiƙa 13 kuwa a tsakiyar teku lilo ce kawai, tana ɗaga ka a hankali ta sauke. Amma ga tarkon: wannan doguwar igiyar ce ta fi haɗari a bakin gaɓa da bakin kogi, domin tana ɗauke da ƙarfi mai yawa, in ta taka yashi sai ta miƙe. Wato ranar da ta yi daɗi a waje tana iya zama ranar da fita da shigowa suka fi wuya. In ka ga daƙiƙoƙin sun haura 12 kuma daga bakin kogi ko rairayi za ku tashi, kira kyaftin ka ji ta bakinsa.

A watannin hadari ƙara da kallon taswirar gajimare a daren tafiya da kuma da asuba. In ka ga dunƙulen hadari a kan Najeriya ko Benin yana gangarowa yamma, ka san inda ya nufa.

Kuma kar ka tsaya ga waya kaɗai. Je bakin ruwa da yamma kwana ɗaya kafin tafiya, lokacin da jirage ke dawowa. Dubi abin da suke saukewa. Tambayi yaran jirgi a wane nisa suka tarar da shuɗin ruwa, ko sun ga tsuntsaye na faɗawa ruwa, ko akwai tarin ciyawar teku da ke yawo. Tun 2011 wannan jar ciyawar ke addabar gaɓar Afirka ta Yamma; in ta yi yawa tana naɗe ƙugiya duk bayan minti biyar, amma in layi-layi ce jefi-jefi, dorado na fakewa a ƙarƙashinta. Labarin jiya daga bakin wanda ya je ya fi kowace taswira.

Mataki na bakwai: sa'ar fita da ta dawowa

A Akra rana na fitowa wajen ƙarfe 6 duk shekara, ta faɗi wajen 6, da ɗan bambancin mintoci. A Legas ƙara kamar rabin awa zuwa awa ɗaya a agogo. Duhu kuma ba ya jira, da ta faɗi sai dare. Iska ta fi kwanciya da asuba, sannan in ƙasa ta yi zafi da rana sai iskar teku ta taso ta yi ta ƙaruwa har la'asar. Kifi ma ya fi cizo daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma gab da faɗuwarta. Da tsakar rana tuna kan nutse ƙasa inda ya fi sanyi, ko da yake malin ba ya bin wannan ƙa'ida, yakan faɗo wa ƙugiya da azahar tsaka.

Saboda haka a yi sallar asuba a bakin ruwa, a tashi da ɗan hasken farko. A ƙayyade sa'ar juyowa tun kafin a tashi, kuma a bar aƙalla awa biyu na rana a aljihu saboda inji na iya tsayawa. Akwai kuma batun tsaro: a 2020 an sace ma'aikatan jirgi 130 a Tekun Gini. Abin ya ragu sosai daga baya, amma har yanzu ƙananan jirage na fuskantar masu ƙwacen inji, kuma dare suka fi so.

Maganin jiri ana shan sa awa ɗaya kafin a hau jirgi, wasu ma tun daren. In ka bari sai zuciya ta fara tashi, ya makara. Yana sa barci, don haka wanda zai tuƙa mota bayan an dawo ya sani. Ka yi barci sosai, ka karya da abu mara maiƙo, ka riƙe citta a aljihu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na takwas: sayi ranaku uku, ka yi amfani da ɗaya

In daga nesa za ka zo, daga Kumasi, Tamale, Kano ko Yamai, kar ka ɗaure kanka da rana ɗaya tak. Ka ware kwana uku, ka sa fitar a rana ta farko, sauran biyun su zama madadin. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ku yi magana a fili: in kyaftin ya ce teku ba ta shiguwa, za a ɗage ne ko za a maido kuɗi? In an fita hadari ya koro ku bayan awa biyu, yaya lissafin mai? A rubuta a saƙon waya, kowa ya riƙe.

Wannan sharaɗin ne ke ba kyaftin damar faɗa maka gaskiya. Wanda ya san kuɗinsa za su tafi in bai fita ba, zai fita da kai ko teku na tafasa. Ni kuwa na fi yarda da wanda ya taɓa ce mini a'a. Dattijon nan na Tema, da na koma wurinsa a Nuwamban wata shekara, ranar farko ya fito ya tsaya a kan katangar tasha da duhun asuba, ya daɗe yana kallon gabas inda walƙiya ke wasa can ƙasa-ƙasa, sannan ya juyo ya ce, "Maigida, yau a sha koko a koma gida." Kafin ƙarfe 9 iska ta ɗauke rumfunan kasuwa. Washegari muka tashi da hasken farko, ruwa kwance, bayan awa biyu da rabi korensa ya yanke aka shiga shuɗi kamar an ja layi da alli. Yaron jirgi ya nuna wasu tsuntsaye da ke ta faɗawa ruwa a hannun dama, kyaftin ya karkata kan jirgi wajensu, ba a yi minti goma ba zaren sandar baya ya fara kuka.